Jan Zare a Kalmasa

Litinin, da safe

An taɓa mini aiki.

Ba zato nake yi ba. Ranar Asabar na bar guntun shuɗin yadi mai ratsin fari can ƙasa ta hagu, na ɗan ja shi gefe da gangan don kada layinsa ya haɗu da na kusa da shi. Yau na shigo na tarar layi ya hau layi cif. Ko fil ɗin ba irin sukata ba ce. Ni a tsaye nake soka fil, waɗannan a kwance suke.

Bari in rubuta yadda aikin yake, don in aka sake in san abin da aka canza. Kanbas ne a kan firam, ya fi ni tsawo, yana jingine da bangon tsohon shagon ɗinkin Inna. A kansa nake jera ragowar yadin da ta tara a buhu shekara da shekaru, da tsofaffin zif, da maɓallai, da yashin da na kwaɓa da gam, sannan fenti. Ba hoton mutum ba ne, ba na gida ba. Layuka ne ke tafiya tare, sai su goce su rasa juna, can gaba wasu su sake haɗuwa, wasu kuma shi ke nan. Haka na ga rayuwa tana yi da mutane, haka kuma nake son aikin ya fita. Ba na manna komai sai na soke shi da fil na zauna da shi kwanaki, ina shiga ina fita ina hararar sa. Wanda ya taɓa ya san da haka.

Mu biyu ke da makullin ƙofar titi, ni da Tsinke.

Litinin, bayan la'asar

Tsinke ta zo da ledar fasassun tayil tana waƙa. Ƙawata ce tun muna kwalejin zane, doguwa kamar sunanta, ni na ba ta rabin shagon nan take aikinta na waya da tayil. Na nuna mata shuɗin yadin, ina kallon fuskarta.

"Au, kin gyara shi? Ni da na farkon ya fi mini," in ji ta.

Kin gyara shi. Ji fa.

Madam, mai ɗakin baje kolin zane, ta ce bango ɗaya ne babba gare ta, wanda ke kallon ƙofar shiga, kuma sai ta ga aikina da na Tsinke za ta zaɓa. Ranar da ta faɗa dariya muka yi, Tsinke har da cewa duk wadda ta samu ita za ta share shago. Yanzu na tuna ta fi ni daɗewa tana dariyar.

Talata, da hantsi

Inna lafiyarta ƙalau. Ta sha shayi, ta yi mini faɗa wai na cika sukari.

Laraba, da yamma

Yaya ta kira daga asibitin da take aiki. Ita ba ta iya gaisuwa ba tare da bincike ba.

"Tana barci da rana? Tana gane mutane? Auta, tsakaninki da Allah."

Na ce tana gane kowa, jiya ma ta gane mai kawo ruwa tun daga muryarsa.

"Kin dai tuna abin da na faɗa ranar tukunya. In aka sake ko da ɗaya, zan zo in ɗauke ta. Nan akwai mutane a gida ko yaushe, ga likita a kusa. Ba rigima nake nema ba."

Ba a sake ba. Ranar ma tukunya kawai Inna ta manta a kan wuta, kowa na iya mantuwa, ni kaina sau nawa na ƙona abu? Labule ne kawai ya ƙone, kuma dama ya tsufa. Yaya na maganar ɗauke Inna kamar kujera za ta ɗauka. Matar da ta shigo gidan nan kafin a haife mu. Tun da na dawo gida da akwatina biyu ba ta taɓa tambayata yaushe zan koma ba, ta dai matsa mini a gado ta ce in kwanta. Ni ba zan ba da ita ba.

Safiyar da nake koyarwa a makaranta Maman Biyu maƙwabciyarmu ke zama da ita. Me kuma ake so?

Alhamis, da azahar

An sake. Guda uku yau, duk a ƙasa. Koren nan mai ɗigo-ɗigo an juya shi ya bi sahun 'yan'uwansa, zif ɗin da na sa a karkace an miƙe shi. Na zauna na mayar da kowanne inda yake.

Wanda ke yin abin nan ya san inda zai taɓa ya yi mini ciwo. Ba ya yagawa, ba ya zuba fenti. Gyara yake yi. In ya ci gaba, abin da zan kai wa Madam zanin gado ne.

Juma'a, da safe

Ina tonon buhu neman wani abu mai ruwan ƙasa sai ga guntun yadin nan mai furen ɗorawa. Da shi Inna ta ɗinka mana riguna iri ɗaya ni da Yaya muna yara. Kullum aka yi wanki sai mun yi dambe, kowa na cewa tata ce wadda ba ta da tabo. Inna ta gaji, ta ɗauki jan zare ta yi ƙulli ɗaya a cikin kalmasar rigar Yaya, tawa ta yi biyu. Daga ranar duk abin da ta ɗinka mana haka take yi, har kayan makaranta, har rigar da na sa ranar da aka kai ni. Na masu kawo ɗinki ba ta sa musu komai. Yaya ta taɓa ƙara ƙulli a tata don ta ƙwace tawa, Inna ta kalla sau ɗaya ta ce wannan ƙullin na ɓarawo ne.

Na kai wa Inna guntun ta gani. Ta shafa shi, ta shafa, ta ce yadi ne mai kyau, ba ya zuba. Sai ta ce, "Hajiya ta zo karɓar kayanta kuwa?"

Wasa take yi. Inna dama akwai ta da zolaya.

Asabar, da yamma

Na ɗauki hoton aikin a waya, kusurwa kusurwa. Tsinke ta gan ni.

"Malama, yau kuma 'yan jarida muka zama?"

Na ce ina son in riƙa ganin ci gaba. Ta kalle ni, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta fasa. Ta tambaye ni jikin Inna. Sau biyu ta tambaya. Me ya haɗa ta da jikin Inna?

Lahadi, da hantsi

Ba a taɓa ba. Tsinke ba ta zuwa ranar Lahadi.

Ni ma ina gida wuni guda, amma wannan ba ya cikin lissafi.

Litinin, bayan na dawo daga makaranta

Na gwada da hoton. Guda bakwai. Yau ba fil kawai ba, har da ɗinki. An ɗinke biyu da hannu, ƙananan ɗinki a jere kamar na keke. Na sa reza zan farke, na tsaya. Ban san Tsinke ta iya allura haka ba. A kwaleji ko maɓalli ya tsinke mata ni take kawo wa. Ashe mutum na iya ɓoye abu shekara da shekaru.

Abin da na lura, duk inda aka taɓa bai wuce kafaɗata ba. Daga nan zuwa sama yana nan yadda na bar shi. Wayo ne. Tsinke da hannunta ke kai silin, ta san in ta taɓa sama zan gane, shi ya sa take duƙawa.

Na farke su. Zaren ya yi ƙarfi, sai da na ɓata wani guntun.

Talata, da la'asar

Na sayo sabon kwaɗo na sa a ƙofar titi. Na ce wa Tsinke tsohon ya fara cijewa, makulli ɗaya aka ba ni, ta riƙa zuwa in ina nan.

"Makulli ɗaya? Kwaɗon da ake sayarwa da uku a ɗaure?"

"Haka aka ba ni."

"To. Allah ya sa ya yi maganin abin," ta ce, ta ci gaba da lanƙwasa wayarta.

Ƙofar ciki, wadda ta haɗa shago da gida, a kulle take tun ranar tukunya, makullin yana cikin jakata. Wannan ba sai na yi maganarta ba.

Laraba, da azahar

An sake.

Laraba, bayan la'asar

Na tsare Maman Biyu a bakin famfo. Na ce ko wani ya shigo gida da safe? Ta ce babu. Na ce ko ƙawata doguwar nan? Ta ce rabon ta da ganinta tun ranar da ta kawo wa Inna lemo.

"Kina tare da Inna duk safiyar?"

Ta ɗan sosa kai. "Wallahi Anti, in ta yi barci nakan leƙa gida in ɗora girki. Ba na daɗewa. In na dawo tana nan kwance abinta."

Ke nan gidan a buɗe yake. Ke nan ana iya shigowa ta gida. Amma ƙofar ciki a kulle take. Sai dai in Tsinke ta yanka makulli tun tuni. Jakata a kan teburinta nake ajiyewa, ban taɓa tunanin komai ba.

Inna lafiyarta ƙalau. Akwai farin abu a gefen zaninta, ina jin bango ta jingina.

Alhamis, da safe

Na ga yatsan Inna da ɗan jini a bushe. Ta ce ba ta san komai a kai ba. Ƙila ƙusar kujera ce, zan sa a duba.

Juma'a, da yamma

Madam ta zo duba aiki, da gilashinta a saman kai da turarenta mai hawa kai. Ta tsaya gaban nawa tana ƙare masa kallo. Ban samu na mayar da na Laraba ba, ƙasan duk a daidaice yake.

"Wannan sabon tunani ne? Ƙasa a natse, sama a hargitse. Ban gane ba tukuna, amma ina sauraro."

Kafin in yi magana Tsinke ta ce, "Ai aikin bai ƙare ba, Madam." Wa ya tambaye ta? Madam ta juya wajen nata, suka yi ta hira a kan tayil, har da tafawa. Ta ce mota za ta zo ɗaukar kaya Litinin ta sama, ranar za ta faɗi wadda ta samu bangon.

Da suka fita rakiya na leƙa ta taga. Tsinke na waya a gindin bishiya, ta juya baya, tana magana ƙasa-ƙasa. Na ji ta ce "Yaya." Tsinke ita ce babba a gidansu, ba ta da yaya.

Asabar, da hantsi

Mun yi ta.

Na ce mata ta faɗa mini gaskiya, bango ne take so? In bango ne ta ɗauka, na bar mata, amma ta daina shigo mini aiki kamar ɓera. Ta ajiye filaya a hankali.

"Ni kike nufi?"

"Akwai wata a ɗakin nan?"

"Auta, ki dubi Allah. Ni da ko zare ban iya zurawa a allura ba? Zo ki tsaya nan. Zo mana. Dubi inda abin ya tsaya. Wa kika sani mai wannan tsayin?"

Na ce kada ta sake ta kawo mini wata magana. Na ce na ji ta tana waya da Yaya, ta faɗa mini tun yaushe ta zama 'yar rahoto.

"Eh, na kira ta. Tun makon jiya nake son in gaya miki, duk na ɗauko sai ki haɗe rai. Akwai reza a ɗakin nan, akwai kananzir, akwai..."

Na ce ta kwashe tarkacenta. Na faɗi wasu abubuwan kuma, har da maganar da ta shafi rashin aurenta, wadda ba zan rubuta ba. Ba ta rama ba. Ta tara wayoyinta a kwali, ta kira mai mota. A bakin ƙofa ta ce, "Ki gaishe da Inna." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, da yamma

Yaya ta kira sau huɗu. Ban ɗauka ba.

Litinin, da azahar

Tsinke ba ta nan, ba ta da makulli, jakata tana rataye a kafaɗata har cikin aji. An sake.

Duk layin ƙasa an gama shi daga bango zuwa bango. An sa alli an ja layi a inda za a ci gaba. Shagon yana warin yadin da aka goge.

Tana da mutane. Ko Maman Biyu ce take sa wa, matar nan na ga ta da sabuwar leda jiya. Ko Madam ma da saninta. Kowa ya san aikin nan sai ni.

Talata, da safe

Inna ta kira ni Auta, ta ce in daina ɗaure fuska zan tsufa da wuri. Ka ji. Wanda ba shi da lafiya zai faɗi haka?

Gobe ba zan je makaranta ba. Na roƙi wata malama ta riƙe mini aji. Zan fita da jakata kamar kullum, in zagaya in shiga ta ƙofar titi in zauna. Ko wace ce, gobe za mu haɗa ido.

Laraba, da la'asar

Na yi yadda na ce. Na zauna a ƙasa bayan buhunan yadi, ina kallon ƙofar titi. Ƙafata ta yi sanyi, na yi ta shirya maganar da zan faɗa wa Tsinke. Na ji Maman Biyu ta ja ƙofar gida ta fita.

Ƙarar makullin ba daga titi ta zo ba.

Inna ta shigo ta ƙofar ciki da bismilla, makullin yana rataye da igiya a wuyanta. Shagonta ne tun kafin a haife ni, ban san me ya sa na ɗauka makulli ɗaya ne da ƙofar ba. Ta ɗauki tef ɗin awo ta rataya, ta buɗe taga, ta jona dutsen guga a inda take jona shi tun muna yara. Tafiyarta ma ta canza. A cikin gida bango take bi, a nan kuwa kai tsaye take zuwa wajen abu. Ta tsaya gaban aikin ta riƙe ƙugu ta yi tsaki, ta cika bakinta da fil, ta fara zare nawa tana soka nata a kwance.

Na kasa tashi. Kallonta nake yi. Rabon da in ga hannunta yana gudu haka na manta.

Wari ne ya tashe ni. Ta kifa dutsen gugar a kan tarin ƙyalle ta manta da shi, ga gwangwanin kananzir ɗin da nake jiƙa burushi a buɗe kusa da shi, bai fi taki ɗaya ba. Na yi tsalle na zare wayar, na tattake ƙyallen da takalmina. Har ya fara ja.

Ta juyo ta cire fil daga baki ta yi mini murmushin da take yi wa masu kawo ɗinki.

"Maraba da Hajiya. Yau kin yi sammako. Ki yi haƙuri ban gama ba."

"Inna, ni ce."

"Na gane ki mana. Hajiya, wa ya fara miki aikin nan? Ya cuce ki wallahi, ko layi ɗaya bai haɗu da ɗan'uwansa ba. Kullum na gyara sai in tarar an warware, ina jin yara ne ke shigowa. Amma kada ki damu, ni ba na barin kaya su fita daga shagona a haka."

Na ce, "Inna." Ta ci gaba da kallona tana jira, da ladabi, kamar mai jiran a gama zaɓen yadi. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "To yaushe zan dawo?"

Ta dubi aikin ta auna da ido. "Asabar, in Allah ya kai mu."

Laraba, bayan magariba

Ni na kira Yaya. Ba ta ce ai na faɗa miki ba. Na dai ji tana jan hanci. Ta ce yaushe za ta zo ɗaukar Inna? Na ce Asabar.

Alhamis, da yamma

Na je gidan su Tsinke. Na tarar da ita a tsakar gida tana wanke tayil a bokiti. Na tsaya kamar wadda ta zo bara, na manta duk abin da na shirya. Ta ɗago ta ce, "Kin gan ta?" Na gyaɗa kai. Ta goge hannu a zani ta rungume ni, kaina iya ƙirjinta.

Ta ce sau ɗaya ta tarar da ita, Inna ta auna mata kafaɗa ta ce ta cika rama, ba abin da zai zauna mata. Muka yi dariya har na koma kuka. Maganar da na faɗa mata ranar Asabar ta ce ba ta yafe ba tukuna, sai na share shago wata guda.

Juma'a, da la'asar

Na ɓoye dutsen guga da reza, na fitar da kananzir. Na buɗe ƙofar ciki na bar ta a buɗe. Jiya da yau tare muka wuni a shagon, ina riƙe mata fil tana aiki. Ban warware komai ba. Inda hannunta bai kai ba ta ce in bari, na sama ba mai lura. A shago Hajiya nake. Ta tambaye ni 'ya'ya nawa gare ni, na ce babu, ta ce Allah zai kawo, ita nata biyu ne, duk mata, ƙaramar akwai taurin kai.

Na fita ɗauko mata ruwa, na dawo na tarar ta durƙusa ta zura hannu bayan firam ɗin tana wani abu. Na ce ta tashi kada gwiwarta ta yi ciwo. Ta ciji zare ta ce an gama.

Asabar, da azahar

Yaya ta zo da mijinta. Mun haɗa kaya ba mu kalli juna ba. Inna ba ta yi gardama ba, ta ɗauka unguwa za a je. Ta zauna a bayan mota da jakarta a cinya, makullin yana wuyanta, na ce wa Yaya ta bar mata shi.

Na leƙa ta taga na ce Allah ya kiyaye hanya. Ta kalle ni, ta juya wajen Yaya ta ce, "Baiwar Allahn nan ta karɓi kayanta kuwa?"

Na ce, "Na karɓa. Sun yi kyau."

"Madalla. Ki riƙa wankewa da ruwan sanyi."

Lahadi, da safe

Na haɗa shayi kofi biyu.

Lahadi, da la'asar

Na manne komai da gam yadda yake. Ƙasa nata, sama nawa. Madam ta gane ko kada ta gane.

Abin da ke cina ba tafiyar ba ce. Kwana uku muna tare kafaɗa da kafaɗa a kan aikin nan, ƙyallen rigata ta yarinta ma ta ɗinka a ciki da hannunta, amma ko sau ɗaya ba ta san nawa ba ne. Ta tafi tana ganin wata Hajiya ta yi wa aiki.

Litinin, da hantsi

Mota ta zo, Tsinke a gaba tana ba masu ɗaukar kaya umarni kamar ita ta haife su. Madam ta aiko cewa ta yanke shawara a kan bango, na ce a faɗa mini daga baya.

Firam ɗin bai fita ta ƙofar a tsaye ba, sai da suka kwantar da shi suka juya bayansa sama. Ban taɓa duba bayan ba tun da kafinta ya kawo shi. Bakin kanbas ɗin da na bari yana reto a ƙasa, duk an naɗe shi an yi masa kalmasa, tsaf, daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Na ce su dakata.

Na durƙusa na ɗaga bakin kalmasar da farce. Mai motar yana ta danna ham. Tsinke ta ce mene ne, na kama yatsanta na ɗora a wurin.

Jan zare ne. Ƙulli biyu.